Kwana A Otel Na Bakin Teku: Hutawa Ne Ko Almubazzaranci?

 Bayan sallar Asuba wani alhaji daga cikin ƴan kasuwarmu ya tsaida mu da tambaya. Ya je Lome ɗaukar kaya, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi tun da aka rufe iyakar Benin a shekarar 2023. Fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta ja lokaci, sai ya sauka a wani babban otel na bakin teku, ya yi kwana 5, kowane dare jika 100. Ya ce bai taɓa samun barci irin wannan ba, amma tun da ya komo zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shin ya yi laifi?

Ba mu gaggauta ce masa haram ba, domin haramta abin da Allah Ya halatta shi ma laifi ne babba. A Suratul A'araf, aya ta 31 ta hana ɓarna a ci da sha, ta 32 kuma ta tsawata wa mai haramta abubuwa masu daɗi na arziki. Teku kuwa aya ce. Mu da muka tashi tsakanin tudu da gulbin da ke ƙafewa da rani, in ɗayanmu ya tsaya gaban ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa ya yi tasbihi, ya ribanta. Ruwan ma mai tsarki ne, ana alwala da shi.

Sai dai mu duba da kyau: mene ne aka sayar masa? Teku ba ta mai otel ba ce. Masuntan Lome suna jan taru a wannan gaɓa tun da sassafe, ba su biya ko dala ba. Abin da jika 100 ta saya shi ne katanga da mai gadi. Katangar nan aiki biyu take yi, kuma dukansu suna da haɗari ga zuciya. Tana tsare mutum daga ganin mabuƙaci, har ya yi kwanaki babu wanda ya miƙo masa hannu, ya soma jin cewa haka duniya ta kamata ta kasance. Tana kuma tsare shi daga idon wanda ya san shi. A Maraɗi ko Damagaram, kunyar maƙwabci da ta suruki tana riƙe da rabin ɗabi'armu, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Can kuwa babu ladan, babu sahu, ga giya bisa tebur, ga tsiraici bakin ruwa. A nan ne mutum yake sanin ko Allah yake jin tsoro ko mutanen unguwa.

Saura batun kuɗi. Malamai ba su yanka wa almubazzaranci adadi ba, da halin mutum ake auna shi. Amma ƙidaya ba ta ƙarya: tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato dare guda ya haura watanni biyu na lebura. Wanda ya fitar da zakkar kasuwancinsa, ɗaya cikin 40, ya cika rumbun iyayensa, ba a bin sa bashi, ba mu da hujjar hana shi. Wanda kuwa direbansa ke kwana ƙarƙashin mota yana jiran haƙƙinsa, to da guminsa aka biya ɗakin, kuma jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

Muka tambayi alhajin abu biyu. Na farko, yaya ya yi da salla? Ya ce ƙasaru ya yi ta yi. Muka tuna masa cewa a mazhabar Imam Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi. Shi kuma ya amsa cewa tun ranar farko ya biya kuɗin kwana 5. Na biyu, ko akwai mai bin sa wani abu? Ya yi shiru, sannan ya ambaci yaron shagonsa, wanda watanni uku ke nan bai karɓi komi ba. Muka ce ya fara da yaron kafin Azahar, ya dawo mu zauna kan batun sallolin.