Bishiyar Cikin Kasko da Bishiyar Bakin Zawiyya

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da shehunnanmu da suka riƙe hannunmu suka ɗora mu bisa hanya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, kwanan baya da aka tashi daga wazifa wani matashi cikin ahbabu ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Malam, dubi wannan." Na duba, sai ga hoton tsohuwar bishiya, gindinta ya yi kauri, ɓawonta ya tsage, rassanta sun baje kamar za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Amma duk cikarta tana zaune cikin wani ɗan kasko da bai fi faifai faɗi ba. Ya ce yana son ya gwada da ƴar tsamiya a gidansu, sai dai zuciyarsa tana yi masa wasiwasi, ko wannan zaluntar halittar Allah ne. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin wanda ya tsaya yana tsoron kada ya zalunci itace, da wuya ya zalunci maƙwabci. Na amsa masa a taƙaice cewa asalin irin waɗannan ayyuka halacci ne, sassabe da datse reshe aikin manoma ne tun fil'azal, matuƙar abin bai ci masa lokacin salla ba kuma bai kai shi ga almubazzaranci ko alfahari ba. Ya tafi, ni kuwa hoton ya ƙi barin zuciyata.

Ana ce wa wannan sana'a bonsai. Kalmar Japananci ce mai nufin abin da aka dasa cikin faranti. Mutanen Sin suka fara ta fiye da shekara 1000 da suka wuce, daga baya Japanawa suka karɓe ta suka shahara da ita. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, itacen ba wani iri ne gajere ba. Bishiya ce kamar kowace, in an sake ta a fili za ta wuce soro tsawo. Mai ita ne yake tsare ta: bayan ƴan shekaru ya ciro ta daga kasko, ya rage saiwoyinta, ya sabunta mata ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, yana datse tohonta, yana naɗa wa rassanta wayar tagulla don su lanƙwasa inda yake so. Da yake ƙasar kaɗan ce, a lokacin zafi kwana ɗaya ko biyu babu ruwa na iya halaka aikin shekara hamsin. Har kukarmu da tsamiyarmu masu wannan sana'a suna rainon su haka a ƙasashen duniya.

Akwai wata bishiya irin wannan da aka fara raino a Japan a shekarar 1625. Tana birnin Hiroshima, a gidan wani mutum mai suna Masaru Yamaki, ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, kimanin kilomita 3 daga inda ya fashe, Allah ya ƙaddara ta tsira. A 1976 ya ba da ita kyauta ga Amurka, tana nan a birnin Washinton har yau. Ku ƙirga, ƴan'uwa: shekara 400. Wanda ya dasa ta ya mutu, wanda ya gaje shi ya mutu, kowanne ya miƙa ta ga na bayansa tana raye, kuma cikin wannan tsawon zamani ba a taɓa samun wanda ya yi sakaci har ta bushe ba. Mutanen nan ba addininmu suke bi ba, amma hikima abar mumini ce, duk inda ya gan ta ya ɗauka. Mu da muke faɗin silsilarmu hannu bayan hannu har zuwa ga Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, mun fi kowa cancantar fahimtar abin da ake nufi da karɓar amana a raye a miƙa ta a raye. Lazimin safe da na marece ba su da tsawo. Yawan yinsu kullum ba fashi shi ne sirrinsu, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

To, mu komo gida. Ku duba ƙofar zawiyoyinmu da tsakar gidajenmu. Sau nawa aka kawo dashen mangwaro ko dogon yaro da damina, aka yi addu'a, aka dasa, aka watse, kafin watan Afrilu ya kama ya zama ƙirare? Ba ruwa kaɗai ya kashe shi ba. Galibi tun ranar dashe aka cuce shi, domin an tona ɗan rami da bakin kalme an cusa shi cikin jigawa wadda ba ta da abin da za ta ba shi.

Suratul A'arafi ta buga misali da ƙasa mai kyau wadda tsironta ke fita da izinin Ubangijinta, da mummuna wadda ba ta fitarwa sai da ƙyar. Manomi ya san cewa ƙasar da ta gaji ana iya gyara ta. Rairayinmu na tudu ruwa yake zubewa cikinsa kamar rariya, lakar fadama kuwa ta riƙe shi har ta shaƙe saiwa, maganin duka biyun ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki. Ka tona rami a kusurwar gida, ka riƙa jera busasshen ganye da kara da ƙaiƙayi, ka bi da kashin awaki ko na tumaki, ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka juya shi duk bayan sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya daina wari. Leda da gawayin batir kada su shiga. In za ka yi dashe, ramin ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, ka cuɗa ƙasar sama da takin nan ka mayar ciki, sannan ka rufe gindin da ciyawa ko kara don rana kada ta tsotse laimar, amma ka bar ɗan sarari tsakaninsu da jikin itacen saboda gara.

Na faɗi ruɓaɓɓe ne da gangan, domin ni kaina na sha kunya a nan. Wata shekara na samu dashen lemun tsami, don tsananin so na kwaso ɗanyen kashin kaji na tula masa a gindi, ina ganin gata na yi masa. Kwana kaɗan ganyen ya ƙone daga baki, ya zube. Wani dattijo mai garka da ke zuwa karatu wurina ya tona gindin da yatsa, ya girgiza kai ya ce: "Malam, abincin na kirki ne, ba ka bari ya nuna ba." Na daɗe ina tuna wannan magana idan na ga sabon murid da aka ɗora masa azkaru masu nauyi da maganganun ma'arifa tun bai iya gyara alwalarsa ba.

Batun ruwa kuwa, na san tsadarsa. Mai sayen jarka daga ƴan garuwa ba za a ce masa ya yi ta kwarara wa itace ba. Amma sau biyar muke alwala kullum. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, mu kuwa muna kwarare buta cike a kan siminti ta gangara kwata. Ka mai da wurin alwalarka gindin zogalenka ko gwaibarka, ka ga abin mamaki kafin shekara. Ruwan wankin hatsi da na shinkafa su ma a nan za a zuba. Ruwan omo da na wanke-wanke mai kanwa ko gishiri kada a kai, yana lalata ƙasa. Ban-ruwa da sassafe ne ko da la'asar sakaliya, kuma gara a ba shi ya ƙoshi ya nutse ƙasa da a riƙa yayyafa masa a sama kullum, saiwarsa ta saba da zama a fuskar ƙasa.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin cewa wanda tashin alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannu, in yana da ikon dasawa ya dasa. Ku tuna kuma Salmanul Farisi, Allah ya ƙara masa yarda: cikin fansar ƴancinsa har da dabino 300. Sahabbai suka tara masa dashen, wannan ya kawo goma wancan ya kawo ashirin, aka umarce shi ya fara tona ramukan, sannan Annabi ya zo ya sanya su da hannunsa mai albarka, kuma suka kama. Hannun da ya fi kowane hannu albarka ma sai da aka gyara masa rami tukuna.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Mu ma nan muna da tamu sana'ar datse itace. Tun 1983 aka fara ta a ƙasar Maradi tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka sa mata suna sassabin zamani. Kututturen da ke gona in ya tofo, ba a share shi duka, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran, ƙarfin saiwar ya tattaru a cikinsu. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Gawon da kuke gani cike da gonaki, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da yawansa haka aka raine shi.

Wuƙa ɗaya ce a hannun mai bonsai da mai sassabe, niyya ce ta bambanta. Wancan yana yanka don itace ya zauna ƙarami cikin kaskonsa, mai kyaun gani, a gabansa. Wannan yana yanka don itace ya miƙe ya fi shi tsawo, wasu su sha inuwa. A kan itace duka biyun babu laifi. A kan ɗan Adam akwai. Ina jin tsoron Allah a kan muƙaddamin da ke rage wa almajirinsa saiwa: ya hana shi zuwa karatu wurin wani malami, ya ji zafi in an yabe shi, ya fi son ya gan shi shekara ashirin yana ɗaukar masa buta da ya gan shi ya buɗe tasa makaranta. Haka uban da ya ƙi sakin ɗansa ya koyi sana'a, da mijin da ya hana matarsa neman sanin addininta. Ko masu bonsai ɗin sun san cewa wayar da aka naɗa wa reshe dole a kwance ta da zarar ya ɗauki hanya, in aka bar ta sai ta nutse cikin ɓawo ta bar tabon da ba ya ɓacewa. Ina fara yi wa kaina wannan gargaɗi kafin kowa, domin akwai ɗaliban da na riƙe fiye da yadda ya kamata, ina kiran abin tarbiyya.

Matashin nan ya dasa tsamiyarsa cikin tsohon kasko, ya huda gindinsa kamar yadda ake yi. Na ce masa ya ci gaba, bisa sharaɗi ɗaya: ya shuka ta biyu a bakin zawiyya kusa da randunan alwala, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, kuma ban-ruwanta na wuyansa har ta yi rani biyu. Ya karɓa. Ramin takin ma an tona shi a bayan ɗakin karatu, mai kashin awaki a gida ya riƙa tahowa da shi ranar Juma'a kafin zikiri.

Allah ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.