Ɓarnar da Ba Ka Yi Niyya Ba, Alhakinta a Wuyan Wa?

Wata ranar Talata bayan sallar La'asar, ina zaune a zauren wani dattijon malami da nake ɗaukar karatun Risala a wurinsa, sai ya miƙo mini wayarsa cikin juyayi, ya ce in duba masa abin da ya cinye datar da jikansa ya saya masa shekaranjiya, alhali shi bai yi kome da ita ba face karanta labarin rasuwar wani abokinsa a shafin wata jarida. Da na buɗe shafin, sai ga wani ɗan akwati a kusurwar ƙasa, hoto yana motsi a ciki babu sauti, ana tallar wani abin sha, wannan na ƙarewa wani ya hau, shi kuwa Malam duk zatonsa ado ne irin na jarida. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga ɓarawon nan." Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "To ɗana, ni ke nan na yi almubazzaranci, ko kuwa yi mini aka yi?"

Kafin a yi wa mas'ala hukunci wajibi ne a san surarta. Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda yara ke kira burauza, idan aka umurce ta da ta kawo shafi, ba rubutun kaɗai take kawowa ba, sai ta kwaso duk abin da mai shafin ya ɗora a kai. In kuwa ya yi wa bidiyonsa alamar ya tashi da kansa, sai ta shiga sauko da shi tana tarawa gaba, ko mai wayar ya kalla ko bai kalla ba. Minti guda na bidiyo kuwa yakan ci fiye da abin da littafi sukutum na rubutu zalla zai ci.

Babu saɓani cewa shari'a ta ƙi israfi. Suratul Isra'i ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu ta fuskar 'yan'uwantaka, an kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabinsa Sa'adu yawaita ruwan alwala ko da a bakin kogi mai gudana yake, kuma mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ƙidaya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki cikin sunna. Sai dai duk waɗannan nassoshi da wanda butar ke hannunsa suke magana. Butar Malam kuwa wani ne ya huda ta daga ƙasa, kuma tunda ayyuka da niyya suke, ban ga ta inda za a kira mutum mubazzari a kan abin da bai nufa ba, bai ma san yana aukuwa ba.

Masu shafukan suna da hujjarsu, ba kuma za a ƙi saurarenta ba. Za su ce labarin kyauta suka ba ka, da kuɗin talla suke biyan ma'aikata, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Za su ƙara da cewa akwai wurin kashewa, ba ka kashe ba, shiru ma magana ce. Amma malaman usulu, tun daga Imamu Shafi'i, sun kafa ƙa'idar cewa ba a jingina wa mai shiru magana, sai fa a wurin da aka tambaye shi kuma aka san dalilin shirunsa, kamar budurwar da aka nemi izininta a aure kunya ta hana ta furtawa. Ita an tambaye ta. Malam wa ya tambaye shi? Dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, data kuwa dukiya ce, da kuɗi ake sayenta, da awo ake ba da ita kamar gero a mudu, ta kuma ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Abin da ya fi ba ni takaici yana cikin tarihin al'amarin. Facebook ya fara sakin bidiyo mai tashi da kansa a ƙarshen 2013, Twitter ya bi sahu a 2015, shafukan jaridu kuma suka ɗauka. Da koke ya yawaita sai masu burauza suka yi gyara, Safari a 2017, Chrome a 2018, Firefox a 2019, amma abin da suka fi mai da hankali a kai shi ne hana sauti. Bidiyon da aka toshe wa baki an bar shi ya ci gaba da gudana. Wato an ji kukan wanda ƙara ta firgita a ofis, an manta da wanda guzurinsa ke zurarewa shiru. Ba na zaton mugunta ce. Waɗanda suka tsara abin a Amurka mazauna bakin kogi ne, galibinsu sau ɗaya suke biyan kuɗin intanet a wata su yi ta ɗiba, mu kuwa a hannun mai ga-ruwa muke saye jarka jarka. To amma in an hana mai alwala ɓarna a bakin kogin da ba na kowa ba, ina ga wanda ya zubar da jarkar maƙwabcinsa?

Akwai kuma hasarar da ta wuce ta kuɗi. A shari'a an yi wa mutum rangwamen kallon farko, wanda ya auku ba da nufi ba, aka hana shi bin sa da na biyu. Shi kuwa hoto mai motsi an ƙera shi ne domin ya fizgi ido ya riƙe, har kallon farko ya zarce na biyu mutum bai farga ba.

Hukuncin da na gaya wa Malam, tare da neman afuwar yin fatawa a gabansa, shi ne cewa alhakin farko yana wuyan wanda ya buɗe famfon bai nemi izini ba. Sai dai uzurin jahilci yana ƙarewa ranar da sani ya zo. Wanda aka nuna wa wurin kashewa ya bar shi a buɗe don kasala, ya shiga babin sakaci da amanar dukiyarsa. Malam ya yi murmushi, ya sake miƙo mini wayar ya ce, "To sauke mini nawa alhakin tun kafin a kira Magariba." Na shiga saitin wayar na kunna tsimin data, na kashe bidiyon da ake iya kashewa, sauran da ba a iya kashewa kuma na nuna masa su, ya ce ba zai ƙara shiga shafin ba.