"Malam, Ni Kaina Ba Ya Ja"



Ranar Alhamis na sayi kaya a kasuwar Sabon Gari, wani matashi mai baro ya turo mini su har bakin tashar jirgin ƙasa inda na ajiye mota. A hanya ya gaisa da wata mata da Yarbanci, ya yi ciniki da wani da Ibonci, ya lissafa mini kuɗin kayana da ka tun kafin in ciro waya. Da muka tsaya sai na tambaye shi ina ya tsaya a karatu. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni kaina ba ya ja. Izu biyu na yi aka ce in nemi sana'a."

Na ce wa ya gaya maka? Ya ce tun yana yaro daƙiƙi ake ce masa, a gida da makaranta.

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaron da ya kwashi harsuna biyu a bakin titi, babu allo babu malami, shi ne ya yarda ba shi da ƙwaƙwalwa. Kalma ɗaya aka yi ta maimaita masa har ta zame masa aƙida, kuma ya sa mata rigar ƙaddara.

Ban ce mutane ɗaya suke ba. Allah Ya fifita wasu a kan wasu a fahimta kamar yadda Ya fifita su a arziki. Amma wa ya nuna maka iyakar rabonka? Ƙaddara ɓoyayya ce, sai ta auku ake saninta. Wanda ya ce "ba zan iya ba" tun bai gwada ba, da'awar sanin gaibu yake yi bai sani ba. A Suratun Nahli, aya ta 78, Allah Ya gaya mana dukkanmu da jahilci aka haife mu, sannan aka ba mu kayan neman sani. Babu wanda aka keɓe.

Ku duba Sibawaihi. Bafarishe ne, ba Balarabe ba. Yana karatun hadisi a Basra wurin Hammadu ɗan Salama sai ya yi kuskuren nahawu, malamin ya gyara masa. Da irin yaranmu ne, shi ke nan, an ji kunya, an daina zuwa. Shi kuwa sai ya lizimci Khalilu ɗan Ahmad, har ya rubuta Al-Kitab, littafin da Larabawa da kansu suke komawa gare shi.

A tashar nan ma akwai darasi. Da dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za su riƙa kwasa. Manoma da fatakenmu suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba. Alhassan Ɗantata, maraya da ya yi almajirci a Bebeji, yana cikin waɗanda suka shiga cinikin, har aka tara dalar gyaɗa a gefen layin nan.

Wata mai bincike a Amurka, Carol Dweck, ta gano cewa yaran da ake yaba wa da "kana da basira" sun fi gudun aiki mai wuya a kan waɗanda ake yaba wa ƙoƙarinsu. Kun ga ashe ko yabon ma sai an iya. To ina ga zagi? Mu malamai da iyaye, ni ma ban fitar da kaina ba, sau nawa muka ce wa yaro "jaki" don mun gaji?

Na gayyaci matashin nan makarantar dare da muke yi a Fagge bayan isha'i. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, da gemuna?" Na ce akwai masu furfura a ajin. Ya ce zai duba.

Daren Asabar bai zo ba. Jiya na hango shi a sahun baya, ya ajiye baronsa a bakin ƙofa. Ku sa shi a addu'a.