Irin Da Aka Binne Zai Tsiro

Ya ku 'yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, masu bi na Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye, salamar Ubangijinmu wanda ya tashi daga matattu ta kasance tare da ku duka.

Kwana arba'in na azumi sun wuce, ga mu cikin kwana hamsin na murnar Ista, waɗanda za su kai mu ranar Fentikos. Da gangan Ikklisiya ta sa kwanakin murna suka fi na azumi yawa. Amma wani zai ce a zuciyarsa, ina murnar take? Ista takan same mu ne a tsakiyar bazara, rana ta take, rijiyoyi sun ja baya, hatsin rumbu ya yi ƙasa, a gidaje da yawa kuwa akwai tabarmar da mai ita ba zai sake kwana a kanta ba.

Amsar tana cikin gonakinku. Kafin ruwan farko ya sauka, manomi yakan ɗebi gero mafi kyau, wanda ya hana wa bakin 'ya'yansa, ya sare busasshiyar ƙasa, ya zuba, ya take da ƙafa. Wannan shuka sunanta binne, kalmar da muke faɗa sa'ad da muka kai ɗan'uwanmu makwancinsa. Babu wanda ke zaman makoki domin irin da ya binne, gama ya san abin da yake jira. Da irin wannan misali Yesu ya bayyana mutuwarsa a Bisharar Yohanna sura 12, ya nuna cewa ƙwayar da ta ƙi shiga ƙasa ita kaɗai za ta zauna, wadda ta shiga kuwa ita ce mai cika rumbu.

Sai dai binnen manomi yakan ɓaci. Yayyafi kaɗan ya taɓa irin, ruwa ya ɗauke, a koma a sake shuka. Begenmu ya fi wannan ƙarfi, domin mun riga mun ga amfanin gonar. Waliyyi Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 15, ya kwatanta Kristi da nunan fari. Ku da kuke noma kun san ranar da aka karyo tumu aka gasa wa yara: girbi bai zo ba tukuna, amma kowa ya tabbata yana tafe. Kabarin da Maryamu Magadaliya ta tarar a buɗe shi ne tumunmu. Abin da ya faru da Kristi zai faru da kowane wanda aka yi wa baftisma cikin sunansa, ya kuma riƙe amana har ƙarshe.

Wannan magana mun gwada nauyinta a ƙasarmu. A daren 20 ga Mayu, 2021, saura kwana uku Fentikos, 'yan bindiga suka faɗa wa majami'ar Waliyyi Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, matashin firist, suka tafi da Fada Joe Keke, dattijo, wanda aka sako daga baya. An yi kuka, kuma kukan halal ne, gama Yesu ma ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru.  A watan Oktoba na 2023 Paparoma Francis ya kafa Dayosis ta Katsina daga cikin ta Sakkwato, ranar 12 ga Disamba kuma aka keɓe Bishop Gerald Mamman Musa ya zama makiyayinta na fari. Masu bindiga suna iya kashe mai shuka, amma ba su da iko a kan damina.

To, yaya mai wannan bege zai zauna? Da fari, kada ya rama mugunta da mugunta, domin shari'a tana hannun Mai tayar da matattu. Na biyu, ya kasance na farko a wurin ta'aziyya, ko gidan Kirista ne ko na maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma sun gaskata da ranar tashin ƙiyama. Na uku, ya tuna da gwauraye da marayu da kwanon hatsi a wannan lokaci na ƙarancin abinci, gama murnar da ba ta kai tukunyar maraya ba, a baki kawai ta tsaya. Na huɗu, kada ƙarancinmu ya sa mu sanyin gwiwa. Ko mutum goma ne suka taru tare da katikis ranar Lahadi, Kristi rayayye yana tsakiyarsu.

Bari Allah Uba ya ba 'yan'uwanmu da suka riga mu hutawa ta har abada, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, ya kuma tara mu duka cikin rumbunsa a ranar babban girbi, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin. Halleluya!