'Yar Wasa da Rigar Aro

Akwai wata tsohuwar tambaya a fagen nazarin adabi wadda har yau ba mu gama da ita ba: shin mai kwaikwayo yana ɗaukar alhakin halin da ya kwaikwaya? A cikin aji amsar ba ta da wuya. Amma a wajen aji, sai mu dubi rayuwar Zalika Souley.

An haife ta a Yamai a 1947. Ba ta cika shekara ashirin ba lokacin da Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa, Le Retour d'un aventurier, a 1966, wato labarin wani saurayi da ya komo daga ƙasar waje da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Mace a kan doki, a Nijar ta wancan zamani! Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta, suka yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. A cikinsa ta fito a matsayin kishiyar da zafin kishi ya kai ta ga kisan kai. Sau da yawa irin rigar da ake ara mata ke nan: maƙetaciya, ko mace mai zaman kanta.

Jama'a suka cika silima don kallonta, da suka fito kuma suka bi ta da zagi. Haƙiƙa zagin nan shaida ce ta ƙwarewarta, domin da wasan bai yi kama da gaskiya ba, da babu wanda zai ji haushi. To, amma me ya sa ba mu taɓa kiran tsohuwa mai tatsuniya mayaudariya ba don ta iya muryar Gizo? A ganinmu, dalilin shi ne Gizo yana nesa da mu, kishi kuwa yana cikin gidajenmu. Abin da Zalika ta nuna mun san shi a tsakar gida, kuma ya fi sauƙi mu ɗora wa mai nunin laifi da mu yarda cewa namu ne. Abin lura kuma, namijin da ya fito a mugu sai a ce ya iya wasa, mace kuwa sai a ce halinta ne.

Kada mu ɗauka wannan ciwon maƙwabta ne kaɗai. Ko a gidajen kallo na nan Sabon Wuse, mutum nawa ne suka san Hauwa Ali Dodo da sunanta na yanka? Biba Problem aka riƙa kiran ta, sunan rigar aro, har haɗarin mota ya yi ajalinta a farkon 2010.

Ita kuwa Zalika, da harkar fim ta durƙushe a Nijar tun daga shekarun 1980, zagin ya saura, tafin ya ɗauke. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, ya same ta a gida mai ɗaki biyu tare da 'ya'yanta, daga bisani kuma ta tafi aikatau ƙasar waje. Ta rasu a watan Yuli na 2021. A ranar ne aka fi tunawa da cewa tana cikin matan farko da suka fito a fim a Afirka ta Yamma.