Inji Guda ko Biyu: Mas'alar Riƙo da Sababi a Sararin Samaniya

Daga cikin mas'alolin da zamani ya haifar, waɗanda magabata ba su riska ba amma suka bar mana mizanin auna su, akwai wadda ke gaban mawadacin da ke nufin mallakar jirgin sama na kansa: shin ya sayi mai farfela, wanda inji guda tak ke ja, ko kuwa ya ƙara dukiya ya sayi ƙaramin jet mai inji biyu? Wani zai ce wannan zance ne na dillalai da makanikai, alhali kuwa hujjar da mai son jet ya fi kafawa, wato cewa inji na biyu riƙo ne da sababi domin kiyaye rai, hujja ce ta shari'a, saboda haka ya wajaba a duba ta da idon shari'a.

Misalin mai farfela shi ne jirgin Pilatus PC-12, wanda ake ƙerawa a garin Stans na ƙasar Suwizalan, wanda kuma ya fara tashi a 1991, yana cin kimanin kilomita 500 a sa'a da injinsa guda na Pratt & Whitney, yana kuma sauka kan ciyawa ko tsakuwa, abin da ya sa likitocin Royal Flying Doctor Service ke kai wa marasa lafiya ɗauki da shi cikin dajin Ostireliya. Shi kuwa Phenom 300, ƙaramin jet mai inji biyu na kamfanin Embraer a Burazil, yana haura kilomita 800 a sa'a, yana hawa har ƙafa 45,000, sama da yawancin hadari, sai dai yana son titi mai kwalta, ga kuma shan mai.

Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, a babin tawakkali na Ihya'u Ulumiddin ya kasa sabubba kashi uku: na yaƙini, wanda barinsa ba tawakkali ba ne, wauta ce, na zato mai rinjaye, wanda riƙo da shi bai kore tawakkali ba, da na wahami, wanda zurfafawa cikinsa ke fitar da bawa daga sahun masu dogaro ga Allah. A ganina, inji na biyu yana cikin kashi na tsakiya, kuma ƙarfinsa yana hawa da sauka gwargwadon hanya. Wanda zai ƙetare teku da dare, ko ya bi ta kan duwatsu inda babu wurin sauka, haƙiƙa inji na biyu ni'ima ne a gare shi. Amma kada a ɗauke shi lamuni daga ajali, domin a watan Janairu na 2009 tsuntsaye suka kashe injuna biyu na babban jirgin fasinja jim kaɗan da tashinsa daga New York, har sai da matuƙinsa, Kyaftin Sullenberger, ya sauke shi kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki suka tsira da ikon Allah. Hukumomin Turai ma, bayan dogon bincike kan amincin irin injin PC-12, sun yarda a 2017 a ɗauki fasinjojin haya da mai inji guda cikin dare da gajimare, bisa sharuɗɗa.

Sabubban yaƙini kuwa ba a ƙirga su da yawan inji. Suna wajen matuƙin da ke zagaya jirginsa da asuba, yana shafa bakin farfela da tafin hannu ko tsakuwa ta yi mata tabo, yana tatso mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi mai haske ya ɗaga sama ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa; suna wajen mai jirgin da ba ya ƙwauron kuɗin gyara, wanda kuma in matuƙi ya ce yanayi bai yi ba, sai ya haƙura da tafiyar ba tare da fushi ba. Wanda ya yi sakaci da waɗannan ya zama kamar wanda ya bar raƙuminsa a sake ne da sunan tawakkali, ko da injinsa huɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne niyya, domin zuciya ta ƙware wajen sanya wa alfahari rigar taka-tsantsan. Mutumin da galibin tafiye-tafiyensa ba su wuce kilomita 800 ba, kimanin rabin sa'a kawai jet zai rage masa, kuma sau da yawa zai mayar da ita a mota, tun da ya sauka a babban fili mai nisa da inda ya nufa. In irin wannan mutum ya ninka kuɗinsa yana cewa tsoron haɗari ne, ina jin masa tsoron israfi da riya, kuma ya kamata ya tambayi kansa ko zai sayi jet ɗin in da babu wanda zai gan shi yana saukowa daga ciki. Wanda kuwa sana'arsa ke kai shi ƙetaren teku a kai a kai, ko yake ɗaukar rayukan ma'aikatansa zuwa nisan dubban kilomita, buƙatarsa ta tabbata, babu laifi a kansa.