So Bayan Aure: Abin da Hikaya Ta Nuna da Abin da Shari'a Ta Ce

Ko so ne ke haifar da aure, ko aure ne ke haifar da so, tambaya ce da tsofaffin hikayoyin soyayya suka rabu gida biyu a kanta. Ɓangare na farko na ganin auren da manya suka ƙulla ba ya taɓa kama zuciya. A labarin Laila da Majnun, wanda Nizami ya waƙe da Farisanci a 1188, an aurar da Laila ga Ibn Salam, amma har ya mutu bai samu kanta ba. Ɓangare na biyu na nuna so yana tsirowa bayan an ɗaura. A waƙar Havelok ta Ingila, ta ƙarshen ƙarni na 13, an tilasta wa gimbiya Goldeboru auren wani yaron madafa don a raba ta da sarauta. Hankalinta bai kwanta ba sai da ta gane ɗan sarkin Danmak ne. Wato marubucin bai yarda tilas kaɗai ta isa ba, sai da ya nemo wa amarya dalilin amincewa.

Adabin Hausa ma yana da ɓangarorin nan biyu. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ya nuna yadda dukiyar Malam Shehu ta raba Zainab da Abubakar, abin ya ƙare da ramuwar gayya. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu. A gefe guda kuma, littattafan soyayya na Kano cike suke da ɗan wa da 'yar ƙane da aka haɗa suna gaba, sai jinya ko wata jarrabawa ta sa suka san darajar juna.

A yankin da ake kira Arewa a Nijar, a garuruwa irin su Guéchémé da Tibiri da Dogon Dutsi, maganar ba ta tsaya a takarda ba. Auren gida sananne ne, hujjar iyaye kuwa ita ce zama ke kawo so. Sau da yawa hakan na tabbata. Amma an san amaryar da ke yaji tun makon farko, a maido ta, ta sake komawa gidansu, har dangi su gaji a mayar da sadaki. Akwai kuma wadda ta zauna don kunyar iyaye, ana zaton so ne, alhali sabo ne, wanda Hausawa ke kira turken wawa.

Ta fuskar addini, aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da so da tausayi a matsayin abin da Allah ke sanyawa tsakanin ma'aurata, don haka so bayan aure ba baƙon abu ba ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. Sai dai Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khizam, bazawarar da ubanta ya aurar ba ta so. Ya kuma roƙa wa Mugisu matarsa Barira ta koma masa, ta ce ba ta bukata, bai tilasta mata ba.

A nan hikaya da Sunna suka haɗu. Auren haɗi, inda iyaye suka zaɓa kuma aka nemi yardar yarinya, na iya haifar da so mai ɗorewa. Auren dole kuwa caca ce da rayuwar mutum biyu, kuma waliyyin da ya yi shi don dukiya ko tsoron bakin dangi ya ci amanar da aka ɗora masa.